Injin da Baba Ya Ji da Haƙoransa

Anti, ki taimake ni, kaina ya kulle. Likitar ido ce ni, na shekara goma sha ɗaya ina tara kuɗi don sayen motar tsere, irin mai kujera biyu ɗin nan. Babana ne ya cusa mini son mota. Bakanike ne, shekara arba'in yana ƙarƙashin motocin mutane, ƙarar gareji ta cinye masa kunne. Yau shekara shida ko kiran sunansa ba ya ji.

Ranar Asabar na tafi da shi shagon motoci. Anti, da aka tayar da wata ja, wallahi gilashin shagon har rawa yake yi. Baba ya zaro tsohuwar sukudirebarsa daga aljihu, ya ɗora bakinta a kan injin, ya ciji ƙotar. Ashe ta ƙashi sauti ke shiga. Ya rufe ido, hawaye na zuba, ya ce tunda yake bai taɓa jin inji mai tsabtar numfashi haka ba. Ni ma kuka na yi, mai shago ya rasa inda zai sa idonsa.

Matsalar ita ce motar a ƙasa take kamar tabarma, gwiwar Baba ta ƙi lanƙwasuwa, bai iya shiga ba. Akwai wata baƙa mai kujerun fata, ya shiga cikinta da sauƙi, amma da ya gwada injinta sai ya taɓe baki, wai wannan ai barci take. Maigidana kuwa cewa yake in ɗauki jar ta hannu, rabin kuɗi. Tsorona kar in sayi motar da Baba ba zai taɓa hawa ba.

'Yar Bakanike

'Yata, wasiƙarki ta sa ni ma na share ido. Amma mu yi maganar gaskiya. Gudun jar nan, ko rabinsa ba za ki taɓa ba tsakanin gida da asibiti, kuma kayan gyaranta ba wasa ba ne. Baƙar ta fi daɗin zama, sai dai ba ita kika yi shekara goma sha ɗaya kina mafarki ba. Shawarar maigidanki ba ta rowa ba ce: wa ya fi Baba iya tantance injin mota ta hannu? Ki kai shi ya ciji sukudireba a kanta. In ya gyaɗa kai, ki biya.

Batun hawa kuma, ke ce kike son ya hau. Shi bai roƙe ki ba. Mutumin da ya shekara arba'in a gaban bonet, ba a kujera yake son mota ba. Ki ajiye masa kujerar roba a garejin gida, kullum da safe ki buɗe bonet, ki ba shi minti biyar kafin ki fita aiki.

Allah ya sa alheri, ya ƙara wa Baba lafiya, ya bar masa haƙoransa.