Keken Yaya a Kunnen Hagu

Litinin, 3 ga Fabrairu

Auta ta matsa, na je asibiti. Wai sai ta yi ta kira kafin in waigo, masu kawo ɗinki har sun fara cewa girman kai ne. Kunnen hagu ne. Tun Yaya tana raye ya fara toshewa, ita ce ke ji mini a shago, ta maimaita abin da aka ce. Tunda ta rasu sai kallon baki.

Likita ya ɗauko wani ƙaton kunnen roba ya buɗe shi biyu. Ya ce sauti na shiga ya bugi dodon kunne, dodon ya girgiza wasu 'yan ƙasusuwa uku, su kuma su miƙa wa wani abu mai kamar katantanwa, cike da ruwa da 'yan gasu, daga nan sai ƙwaƙwalwa. Ƙashin ƙarshe, mai siffar likkafa, bai kai ƙwayar shinkafa ba. Shi ne nawa ya ƙage. Na ce ashe tsatsa ce, a ɗiga masa man keke mana. Ya yi dariya, ya ce sai dai aiki.

Ban gaya masa ɗaya maganar ba.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Yau ma, da hantsi, ina yanka wuyan riga. Keken Yaya yana lulluɓe da zaninsa, ina kallonsa, ba ya motsi. Amma a kunnen hagu ana taka shi.

Talata, 11 ga Fabrairu

Gwajin ji. An sa ni a wani ɗaki kamar akwati, bango duk soso, ko numfashina ya yi mini yawa. Matar da ke gwajin ta ce in na ji ƙara in danna. Na yi ta dannawa. Sai ta leƙo ta gilashi: “Mama, ban fa saki komai ba tukuna.”

Dole na faɗa wa likita. Ya ce ba abin tsoro ba ne, in kunne ya daina kawo saƙo, ƙwaƙwalwa kan ƙirƙiro nata, wani ya ji shuuu, wani ƙararrawa. Na gyaɗa kai. Ban tambaye shi ko ƙwaƙwalwa ta san tsayawa ta cije zare ba. Yaya ba ta yanka zare da almakashi, da haƙori take yi. Keken yakan tsaya, ƙas, sannan ya ci gaba.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Ba na jin sa a gida. Sai a shago. Da akwatin nan na asibiti.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mai gyaran agogo na jikin shagonmu ya leƙo aron tsintsiya. Ya ce, “Maƙwabciya, ashe kin samu mai taya ki? Ta bango nake jin keke biyu, kamar da.”

Na ce kai ma ka je a duba naka kunnen. Muka yi dariya. Da ya fita na kasa zura zare a allura.

Auta ta ce ko dai aikin, ko in rufe shago in koma wurinta. Ta sa kuka. Na yarda.

Talata, 4 ga Maris

An yi. An cire ƙashin, an sa na ƙarfe. Jiri, ɗaki na juyawa. Kunne cike da auduga.

Alhamis, 13 ga Maris

An cire audugar. Wayyo duniya, ashe haka take da surutu! Fanka, famfo, takalmin nas, ledar magani. Auta ta tsaya ta hagu ta raɗa, “Umma,” na amsa. Ta rungume ni, har likita sai da ya kau da kai. Na gode Allah, da gaske nake.

Juma'a, 21 ga Maris

Na koma shago. Ina jin komai, har agogunan maƙwabci ta bango, kowanne da tafiyarsa. Keke ɗaya ne, nawa. Na tsaya, na kasa kunne, na sake tsayawa. Ba kowa.

Ban taɓa sanin shagon nan yana da faɗi haka ba.

Da zan rufe, mai agogo ya ce, “Mai taya kin ta daina zuwa ne?” Na ce ta yi tafiya.

Lahadi, 23 ga Maris

Likita ya ce ba sauran buƙatar auduga. Na dai ɗan sa a hagu, saboda fanka. Don kada keken Yaya ya lalace na yaye zanin, na ɗiga mai, na sa masa farin zare. Akwai wata riga da ban gama kalmasa ba, na ajiye ta a kansa, tebur ɗina ya cika.

Auta ta kira, na ce lafiya lau, ina jin komai.

Gobe zan fito da wuri.