Inna ta hana a yi wa karena tiyata

Malam, ka taimake ni, na gaji. Shekara tara ina dako a Abijan, abin da na bari a Jiratawa lambu ne, da tsohuwa, da karena Duna mai gadin lambun. Da mutanen gidanmu sun kai shi riƙon amana, da tuni na koma.

Duna ya rame, yana amai. Ƙanena Ilyasu ya kai shi wurin likitan dabbobi a Maradi, aka ce ƙari ne a gaɓar da ke daidaita sukarin jiki, sai an yanka. Sharaɗi guda: ya zo da ciki wayam, don in an yi mishi allurar barci da abinci a ciki, amai zai shaƙe shi. Randebu uku ke nan, wato ranar da likita ya sa a zo, ana koro su. Na fari tsohuwar tawa, Inna Tsahara, ta ba shi tuwo. Na biyu fura. Na uku an ɗaure shi a zaure, ta tura mishi ƙashi da sanda. Wai a gidanta ba mai tafiya asibiti da yunwa, kuma ita ba ta taɓa jin malamin da ya ce azumi ya hau kan kare ba. Matar da shekara goma ba ta bari ya shaƙi tabarmarta! Ga Ilyasu shi ma zai ɗura mishi maganin ciwon kai na tebur. Ban ce mugunta ba ce. Amma Duna na ƙarewa, ni kuwa sai ihu a waya.

Ɗan Jiratawa a Abijan

Ɗan'uwa, sannu. Likita na da gaskiya, Inna kuwa tausayi ne ya yi mata yawa, kuma ba a gyara uwa da ihu. Ana gobe randebu Ilyasu ya ɗauke Duna ya kai Maradi ya kwana, ya tambayi likita awa nawa za a hana shi ci. Maganin mutane kuwa kada ya kusanta, yana kashe kare. Na rage zafi likita zai ba da, a bi awonsa.

Inna a ba ta sarautar jinya: bayan tiyata ita za ta ciyar, kaɗan-kaɗan, ba maiƙo. Ka kira ta ka gode mata kafin ka roƙa. Mai tura ƙashi da sanda ba ƙiyayya take ba.

Allah ya ba Duna lafiya, ya maido ka gida.