Kwana Huɗu a Bayan Keken Surukina

Talata, 4 ga Nuwamba

An gama da ni. Shekara biyar ina hawan keke da ƙungiyarmu, ba tudun da wani ya riga ni kaiwa samansa, in ban da sau biyu da abokin hamayyata Dogo ya taki sa'a. Yau Maman yara ta ce Baba, mahaifinta, zai bi mu tafiyar kwana huɗu ta kwarin kogi, kuma ni zan riƙa bin bayansa. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya.

Ba ta tsaya nan ba. Ita da yayarta, Yaya Nas, sun yanke shawara: in tafiyar nan ta nuna ƙarfinsa ya ƙare, za a ɗauke keken a kulle a gidan Yaya Nas, shi ke nan. Ni ne ɗan leƙen asirin. Kullum da yamma in buga waya in ba da rahoto. "Kai da kake gwada idon mutane a shagon tabarau, me zai wuce ka?" in ji ta. Na ce to. Da me zan ce?

Laraba, 5 ga Nuwamba

Makanike, shugaban tafiya, ya danƙa mini famfo da jakar kayan faci. Dokar ɗan baya guda ce: ba ya wuce kowa, ko da kunkuru ne a gabansa. Dogo ya dafa kafaɗata ya ce zai riƙa gaishe mini da saman tuddai. Allah ya isa ban ce ba, amma na yi niyya.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Rana ta farko. Mu tara. Hanyar tsakuwa ce zalla, kogi a hagu, gonaki a dama, ga tuddai kamar an jera su don a ƙure ni.

Gaskiya ɗaya: tsohon nan ya iya hawa. Kekensa na ƙarfe ne, ya girmi aurena, nauyinsa kamar ƙofar shago, amma yana sa ƙaramar giya sai ya yi ta murza feda a hankali, ba nishi ba tsayawa. Ni da kekena mai tsada ina bayansa ina ƙirga furfurar ƙeyarsa.

Matsalar a sama take. Muna isa kan tudun farko, ga gangara miƙaƙƙiya har bakin ruwa, irin wadda mutum yake mafarkinta, sai ya sauka. Wai in zo in ga wani dutse. Shekara talatin ya yi yana koyar da tarihi, to wa zai hana shi? A nan, in ji shi, masu gadi suke hura wuta shekara ɗari huɗu da suka wuce, in sun hango maƙiya. "Irin wannan wuri ba a wuce shi a guje, Mai tabarau. Raini ne." Haka muka tura kekuna har ƙasa, ina jin ihun su Dogo can nesa. Sau uku yau.

Rahoto: lafiyarsa ƙalau, sai dai baki.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na faɗi a mashigin ruwa. Ba zan yi dogon bayani ba, dutsen ne mai santsi. Baba ya riga ya haye, ya tsaya yana kallona ina tsamo takalmi.

"Wannan ma za ka sa a rahoton?"

Ashe ya sani. Na fara kame-kame, ya ce in bar wahalar da kaina, shi ya haifi 'ya'yan nan, tun suna ƙanana ba su iya ƙus-ƙus ba. Sannan ya tsuguna ya danna tayata da babban yatsa, ya ce na cika mata iska kamar zan hau kwalta, shi ya sa tsakuwa take watsar da ni. Ya rage. Keken ya daina tsalle. Ban gode masa ba sai bayan mil biyu.

Tarihin yau: kangon injin niƙa da wani rami da ya ce ma'ajiyar gishiri ce. Duk a ƙafa. Wata tsohuwar gada mai baki uku kuwa, a kan keke muka wuce ta.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Da hantsi muka kai tudu mafi tsawo. Baba ya sauka kamar kullum, ya kai ni gaban wata guntuwar katangar dutse. Ragowar sansanin mayaƙa ce, wai, in duba yadda aka jera duwatsun ba laka, hikimar mutanen da. Ina gyaɗa kai sai ga wani manomi da igiya a hannu. Ya gaishe mu, ya tsaya yana saurare. Can ya ce, "Ranka ya daɗe, ai ni na gina ta bara waccan, saboda awaki."

Baba ko gezau. Ya ce, "To, ka gaji hannun kakanninka." Manomin ya tafi yana jin daɗi.

Na so in yi dariya, sai lissafi ya zo mini. Kwana uku, ba mu taɓa tsayawa tarihi a fili ba. Ba mu taɓa tsayawa a hawa ba. Tsohuwar gadar jiya ma, wadda ta gaske ce, kallo ɗaya ya yi mata. Sai an zo bakin gangara ake samun mutanen da.

Na miƙa masa gorar ruwa da gangan, murfin a ɗaure. Ya kama da dama, ya murɗa, bai buɗu ba. Ya mayar hagu.

Muka zauna a kan katangar awaki. Ya ce wata huɗu ke nan. Hannun yana riƙe kan keke, amma ba ya iya matse birki ya daɗe, in gangara ta yi tsawo sai ya saki da kansa. Bai gaya wa kowa ba. "In suka ɗauke keken nan, kujera ce ta rage mini, da rediyo." Bai roƙe ni komai ba. Da ma ya roƙa, da na sami abin jin haushi.

Ni mai gwada idon mutane. Kwana uku hannun nan yana gabana.

Rahoto: na ce waya ba ta kamawa sosai a nan. Maman yara ta ce ai tana ji na tangaran.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Mun gama. Mu ne na ƙarshe, da tazarar awa biyu. Dogo har ya yi wanka ya canja riga. Baba ya shigo wurin taruwa a kan kekensa, ƙirji a gaba, aka yi masa tafi. Na ji daɗi har na rasa inda zan sa idona.

Gaba kura, baya sayaki. In na yi shiru, wata rana zai fita shi kaɗai ya haɗu da gangarar da ba dutse a bakinta. In na faɗa, na ci amanarsa.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Na faɗa. A falonmu, Maman yara a nan, Yaya Nas a can da jakarta a cinya kamar alƙali. Na ce ƙafa da numfashi ya fi ni, kuma ba na so a maimaita wannan a waje. Na ce hannun dama ne. Maman yara ta yi kuka. Yaya Nas ta ce gobe asibiti, keke kuwa a kawo mata mabuɗi.

Na ce Makanike yana da wani irin birki da yatsa ɗaya ma yake kama shi. Yaya Nas ta ce in ya faɗi a daji, birkin ne zai ɗauko shi? Ba zai sake fita shi kaɗai ba, magana ta ƙare, kuma ita ba ta ga mai lokacin bin tsoho duk Asabar ba.

Sai na ji wani yana cewa, "Ni zan bi shi." Na duba, bakina ne.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Baba ba ya ɗaukar wayata.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Na isa ƙofar gidansa da sassafe ban san ko zai fito ba. Ya fito, hular kwano a kai, hannun a naɗe da abin da asibiti suka ba shi. Ya amsa gaisuwata a taƙaice. Sabon birkin bai iso ba tukuna.

Muka yi mil huɗu. A bakin gangarar farko ya sauka. Na jira in ji wane sarki ne ya mutu a wurin. Bai nuna mini komai ba.

"Hannun ne," ya ce.

Na ce na sani, Baba. Na sauka, muka tura tare. Wajen rabin gangara ya ce da shi ne ya aike ni leƙen asiri, da ya kore ni tun rana ta biyu, ban iya ƙarya ba sam. Daga nan hira ta ɓarke har gida.

Dogo ya turo hotonsa a saman tudu, shi kaɗai, ya ɗaga keke sama. Na duba, ban ji komai ba, wataƙila gajiya ce. Na gaya wa Makanike ya bar mini famfon a wurina, tafiyar wata mai zuwa ma ni ne a baya. Gwiwata ce take ɗan damuna kwanan nan, ba wani abu ba.