Ajin da ke Gyara Mini Littafi

Alhamis, 6 ga Maris
Na karanta wa 'yan ajina babi na tara. Haka nake koyar da rubutu tun fil azal: in kawo littafin da nake rubutawa, su yi masa kaca-kaca. Yau Sarkin Gardama, mai zama can baya, ya ce direban cikin labarin ba zai taɓa ba matarsa haƙuri da wannan dogon zance ba. "Malama, babana direba ne. Sai dai ya sayo mata wani abu ya ajiye, bai ce uffan ba." Ja'iri, da gaskiyarsa. Na soke shafi biyu ina dariya.

Litinin, 10 ga Maris
Na gaya wa shugaban makaranta ƙarshen zangon nan zan ajiye aiki, in zauna in yi rubutu cikin natsuwa. Ya yi ta "ayya, ayya", amma ai na san ya daɗe da ƙosawa da hayaniyar ajina. Ya ce dai in ƙara tunani, in ba shi amsa bayan hutun rabin zango.

Asabar, 15 ga Maris
Hutu. Tebur kusa da taga, shayi, shiru. Dama abin da nake nema ke nan.

Laraba, 19 ga Maris
Babi na goma ya fito sumul, ba wanda ya katse ni. Na karanta wa maigida. Ya ce, "Ya yi kyau." Na ce ina ne ya yi kyau? Ya ce, "Duka." Haushi ya kama ni, alhali bawan Allah bai yi laifin komai ba.

Alhamis, 27 ga Maris
Na kai wa yara babin. Na karanta musu shi har ƙarshe. Can sai yarinyar nan mai kunya, wadda ba ta taɓa ɗaga hannu ba, ta ce, "Malama, ki yi haƙuri, amma kowa a ciki irin maganarki yake yi." Nan fa gardama ta ɓarke, har malamin ajin kusa ya leƙo. Sun yi wa babin fata-fata. Rabona da jin daɗi haka tun kafin hutu.

Juma'a, 28 ga Maris
Shugaba ya tare ni a baranda, wai me na yanke? Na ce ba zan bar yara a tsakiyar labari ba, sai littafin ya ƙare. Saboda su ne kawai. Ya ce saura babi nawa? Na ce uku.

Ban dai gaya masa direban yana da ƙane ba, shi ma da nasa labarin.