Littafin Maigidana Ya Fito Babu Sunansa

Hajiya Saudatu Nuru,
Lozells, Birmingham.
14 ga Oktoba, 2014.

Zuwa ga Madam Catherine,
Sakatariyar Ƙungiyar Marubuta da Masu Fassara na Harshen Jamusanci,
Reshen Manchester.

Ranki ya daɗe,

GAME DA: ƁOYE SUNAN WANDA YA YI FASSARA

Bayan gaisuwa da girmamawa, ina gabatar da kukana a kan Kamfanin Ɗab'i na Gada Biyu.

1. Marigayi maigidana injiniya ne da ya yi karatu a Jamus, kuma ɗan ƙungiyarku ne. Shekara shida ya yi yana juya wani littafin labaran yara daga Jamusanci zuwa Hausa, a ƙarƙashin shirin ƙaramin laburaren unguwarmu. Da hannu ya rubuta, bai sa sunansa ba, don shi mutum ne da ba ya son nuna kai.

2. A watan Maris na 2013 aka rufe laburaren saboda tsuke bakin aljihu, aka sallami jami'ar da ta san shi. Aka miƙa wa kamfanin rubutun a cikin kwali, babu komai a jiki sai lambar wayar gidanmu. Ranar 2 ga Mayu Allah ya yi masa rasuwa.

3. Ranar 9 ga Mayu, ina cikin takaba, wani ma'aikacin kamfanin ya bugo waya yana tambayar wanda ya yi aikin. Na ce maigidana ne. Ya nemi suna. Ranki ya daɗe, a tarbiyyar da na taso mace ba ta kiran sunan mijinta, kuma shekara talatin da ɗaya da aurenmu ban taɓa kira ba. Bakina ya yi nauyi, kuka ya ci ƙarfina, sai ma'aikacin ya ajiye waya. Bai sake bugowa ba.

4. Bana littafin ya fito, an rubuta wai ma'aikatan kamfani ne suka fassara. Wasiƙa uku na aika, shiru. Na yarda da laifina, kuma yana cina kullum. Amma shirun minti ɗaya na mace mai takaba bai isa ya shafe aikin shekara shida ba.

Don haka ina roƙon ƙungiyarku ta sa baki a dakatar da sayar da littafin har a gyara bangonsa. Rubutun hannunsa na gwaji yana wurina, in ana neman shaida.

Sunan da za a sa shi ne Halliru Maharazu. Allah ya jiƙansa, ya kuma yafe mini jinkirin da na yi.

Taki cikin ladabi da biyayya,
Saudatu Nuru