Dalilin da Yusufu Bai Aika wa Ubansa Saƙo Ba

Greenbelt, Maryland

Zuwa ga Yayana Davou,

Ina gaishe ka da kyau cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu, tare da fatan wannan wasiƙa za ta same ka lafiya, kai da dukan mutanen gida a Bukuru. Yaya ƙafar Mama? Ba ma mantawa da ita a addu'a, Allah ya ba ta sauƙi, ya kuma tsare ku. Mu nan sai godiya. Sanyi ya fara shigowa, maigidana Raymond ya samu canjin wurin aiki zuwa wani asibiti kusa da gida, 'yarka Becky kuwa ta yi tsayi har ta wuce ni.

Na saurari saƙonka na murya, inda ka ce Bartholomew, ɗan cocinmu na nan, ya gaya maka Becky tana zuwa ajin matasan Yahudawa, kana zaton shi ya sa ta daina kiranka, don haka in hana ta. Na zaɓi in rubuto domin ka san a waya ba na iya yi maka musu. Maganar zuwan gaskiya ce. Tana da ƙawa Bayahudiya a makaranta mai suna Talia, wadda bara ta gayyace mu bikin da suke yi wa yarinya idan ta kai shekara goma sha uku. Yaya, yarinyar nan ta tsaya gaban jama'a a majami'arsu ta karanta Attaura da Ibrananci, da rerawa, kakarta tana share hawaye. Ita da iyayenta duk a ƙasar nan aka haife su. Ni kuwa na daɗe ina koyar da matasan ikilisiyarmu, in ce musu ina kwana su amsa mini da Turanci, yarenmu na Berom kam ba a ma maganarsa. Na dai yi murmushi kamar kowa.

Tun daga nan Becky take bin Talia ajinsu ranar Lahadi da yamma, bayan mun tashi daga sujada. Ba ta taɓa fasa zuwa coci ba, ba kuma wanda ya ce ta bar addininta. Baƙuwa suka ɗauke ta. Abin da ya dame ni shi ne sunan malamarsu da ya cika mini gida. A kan abinci sai Malama Shoshana ta ce kaza, a mota Malama Shoshana ta tambaye mu kaza. Ni da na karanta aikin koyarwa har digiri biyu, nake soya cincin duk Asabar don yara su zo ajina, ban taɓa jin an ce Anti Constance ta ce kaza ba. Saboda haka da saƙonka ya zo har daɗi na ji, na ce na samu hujja. Amma tunda gani ya kori ji, sai na nemi izini na je na zauna a bayan ajin.

Da na shiga na zaci kasuwar Terminus ce. Yaran suna zaune biyu-biyu suna fuskantar juna, littafi a tsakaninsu, kowa yana musu da abokinsa, har da buga tebur. Haka al'adar karatunsu take: ba a karatu mutum ɗaya, sai da wanda zai ja da kai. Malamar ba ta tsaya a gaba ba, zagayawa take tana tambayar kowa abin da ya dame shi a cikin ayar. Ka tuna yadda aka koyar da mu, ka haddace aya ka naɗe hannu, mai tambaya mai wuya a ce ba shi da kunya. A ranar, labarin Yusufu suke yi, tambayar kuma ita ce me ya sa, bayan ya zama babba a Masar, bai taɓa aika wa ubansa Yakubu saƙo cewa yana raye ba. Na koyar da labarin nan sau ba adadi, har da hotuna, amma tambayar ba ta taɓa zuwa mini ba.

Talia ta ce tsoron yayyensa yake ji. Sai na ji muryar Becky, yarinyar da ba ta buɗe baki a ajina, tana nuna shafin da yatsa. Ta ce uban ne da kansa ya aike shi wurin yayyensa, ya kuwa san ba sa ƙaunarsa. Ta ce Yusufu bai san an kai wa uban riga da jini ba, abin da ya sani kawai shi ne an aike shi, ba wanda ya biyo sawu. Ta ce yaron da aka aika ba a gaya masa dalili ba, ba shi ne zai fara neman gida ba. Malamar ba ta ce daidai ne ko kuskure ba, sai ta nemi hujja daga littafin. Becky ta nuna inda ya sa wa ɗansa suna Manassa, wai Allah ya sa ya manta da gidan ubansa. Sai malamar ta tambaye ta a hankali, ko wanda ya manta da gaske zai sa wa ɗansa suna a kan abin da ya manta. Becky ta sunkuyar da kai.

Yaya, ban taɓa jin kishi irin na ranar ba. Yarinyar nan a gidana take kwana, ni nake yi mata kitso, ni na kai ta likitan haƙori, amma abin da ke cin ranta sai a gaban baƙuwa ya fito, a kan littafin da ni na fara buɗe mata. Har yau idan na tuna sai in ji ɗaci. Duk da haka na roƙi malamar ta nuna mini yadda take shirya darasinta, ta kuwa karɓe ni hannu bibbiyu, abin da ya ƙara mini haushi.

Ba ajin ne ya hana ta kiranka ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bayan jana'izar mahaifiyarta ka haɗa mata kaya ka turo ta wurina, ranar tafiya kuma ba ka raka ta Abuja ba. Ni na san gona ka tafi domin kada ta ga hawayenka, amma ita ba ta sani ba. Don haka ka gafarce ni, wannan karon ba zan bi umarninka ba. Ina roƙonka ka kira ta da kanka. Kada ka fara da maki ko zuwa coci. Ka gaya mata dalilin da ya sa ka turo ta, da inda ka je ranar. Idan ta yi maka musu, ka bar ta ta gama.

Ka gaishe mini da Mama, da Baba Jang, da ƙanenmu Dachung da matarsa Loveth, da ƙananan yara duka. Raymond yana gaishe ka ƙwarai. Na gaya wa Becky ina rubuto maka, na tambaye ta ko in sa gaisuwarta. Ta ce in sa. Har ta kai bakin ƙofa sai ta juyo, ta tambaye ni ko kai ne ka fara tambayar lafiyarta.

Allah ya riƙe mu cikin alherinsa.

Ni ce ƙanwarka,
Constance Bot