Sunana a Cikin Aljihu

Daren Laraba, watan Safar, Unguwar Tudu.

Tun shekarar da aka canza fam zuwa naira nake ɗinkin hannu, amma ban taɓa sa sunana a jikin riga ba.

Jiya autata Hajara ta karanta mini labarin wani tela Bafaranshe da ya shahara bayan yaƙin Hitila. Ya daɗe da mutuwa, amma har yau ana liƙa sunansa a wuyan riguna. Ta ce, "Baba, kai ma ka yi haka mana." Na ce ni ba kamfani ba ne.

To, yau wajen ɗaurin aure a Kara na ga babbar rigar da na yi wata huɗu ina ɗinkawa, a jikin ɗan marigayi Alhaji Sule. Na tambaye shi wa ya ɗinka. Ya ce, "Wani tsoho ne, Baba, ina jin ma ya rasu."

Na ce Allah ya jiƙansa. Ya ce amin.

Ko tuwo ban iya ci ba. Gobe da safe zan ɗauko rigar da ke hannuna in ɗinka sunana da ajami, amma a cikin aljihu. Ba sai Hajara ta sani ba.